Al'ada da Ciwon Suga: Lissafin da Ake Yi Babu Kalanda

Mace mai ciwon suga nau'i na ɗaya, wato wanda jiki ba ya samar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, ta ci abincin darenta, ta yi allurar insulin gwargwadon yadda ta saba, ta kwanta. Da asuba ta auna sugan jininta, ta ga 110 a ma'aunin mg/dL. Bayan mako biyu abincin bai sauya ba, awonsa bai sauya ba, allurar ita ce dai, lokacin kwanciya ma shi ne, amma da asuba na'ura ta nuna mata 210. Nan take ta shiga tuhumar kanta. Ko zafi ne ya lalata insulin ɗin? Ko wurin da take yawan soka allura ne ya yi tauri? Ko dai ta zarce a cin abinci ba ta lura ba? Ta buɗe sabuwar kwalba, ta sauya wurin allura, ta rage loma, shiru. Kwana biyar ana wannan ja-in-ja, tana ƙara insulin kaɗan-kaɗan, har suga ya fara saukowa. Ranar da jini ya zo mata, cikin dare ta farka gumi ya jiƙa mata riga, hannu na karkarwa, zuciya na bugawa da ƙarfi. Ta lalubo na'ura ta auna: 55. Insulin ɗin da ya gaza mata shekaranjiya, yau ya yi mata yawa.

Lambobin nan misali ne na kawo, amma mata da yawa masu wannan ciwo za su gane labarin tun kafin a kai rabinsa. Abin da ya fi damuna a ciki ba hawan sugan ba ne. Tuhumar ce. An koya mata cewa suga na bin abinci, allura, motsa jiki da rashin lafiya, to da ta duba duk waɗannan ba ta ga laifi ba, sai ta ɗora wa kanta. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Akwai abu na biyar da ke juya sugan nata, yana zuwa kowane wata, kuma ba shi da gurbi a takardar da take rubuta awonta.

Ana fara ƙirga zagayen al'ada daga ranar farko da aka ga jini. Daga ranar zuwa sakin ƙwai, zango na farko ke nan. A cikinsa sinadarin istirojin yana hawa, ɗan'uwansa furojestiron yana kwance a ƙasa. Da ƙwai ya fita, gurbin da ya bari sai ya koma samar da furojestiron mai yawa, domin a gyara shimfiɗar mahaifa ko da ciki zai shiga. Wannan ne zango na biyu, kuma yakan ɗauki kwana 12 zuwa 14. Idan ciki bai shiga ba, sinadaran biyu su faɗi cikin 'yan kwanaki, shimfiɗar ta zube, jini ya zo, a koma farko.

A zango na biyun ne jikin mata da yawa ke rage jin insulin, kamar yadda ake cewa ciwo ya ƙi jin magani. Insulin yana nan, amma tsoka da hanta ba sa amsa masa da sauri kamar da, don haka suga ya fi daɗewa a cikin jini. Babu likitan da ke musun cewa a watannin ƙarshe na goyon ciki buƙatar insulin na ƙaruwa ƙwarai saboda sinadaran da mabiyiya ke fitarwa. Abin da ke faruwa bayan sakin ƙwai ƙaramin samfurin wancan ne, jiki na shirin cikin da mai yiwuwa ba zai zo ba. Macen da ba ta da ciwon suga ba ta ma sanin an yi, domin jikinta da kansa yake ƙara insulin a asirce. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Buffalo ta Amurka, wanda ake kira BioCycle, ya bi mata lafiyayyu sama da 250 yana auna jininsu sau da dama a cikin zagayensu, ya kuma ga insulin ɗinsu na ƙaruwa tare da hawan waɗannan sinadarai. Mai nau'i na ɗaya ba ta da wannan gata. Aikin da jikin wata ke yi ba tare da ta sani ba, ita da hannunta za ta yi shi, da ƙwaƙwalwarta za ta lissafa shi, kuma galibi ba wanda ya gaya mata cewa ma'aunin lissafin na motsi.

Har ƙwaƙwalwa na da hannu a ciki. A 2023 masu bincike a birnin Tubingen na Jamus suka wallafa wani gwaji a mujallar Nature Metabolism. Sun fesa wa mata 11 insulin ta hanci domin ya isa ƙwaƙwalwa kai tsaye. A zango na farko, hakan ya sa sauran jiki ya ƙara jin insulin. A zango na biyu, feshin bai yi wannan tasiri ba. Mata 11 ba su da yawa, amma gwajin ya nuna cewa sauyin na gaske ne, ana iya auna shi a ɗakin bincike, ba wai kwaɗayin zaƙi ne kawai ke damun mata kafin al'ada ba.

Kwaɗayin ma yana nan, kada a ce na ɓoye shi. Cin abinci kan ƙaru a kwanakin da ke gab da al'ada, barci kan lalace, ciwon mara kan hana motsi, ɓacin rai kan zo. Kowanne daga cikin waɗannan yana ɗaga suga da kansa. Saboda haka abubuwa biyu ne ke tafiya tare, abin da sinadarai ke yi wa jiki da abin da suke sa mace ta yi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wadda sugan ta ke hawa da asuba bayan ta kwana ba ta ci komai ba, matsalarta ta insulin ɗin tushe ce, wato mai dogon aiki da ke riƙe suga dare da rana ko ba a ci abinci ba. Wadda nata ke hawa bayan ciye-ciyen yamma, a wurin allurar abinci za a nemi gyara. Ba a raba waɗannan biyu da tunani ko da tuna baya. Sai an rubuta.

To me ya sa abin da ke da bayani haka bai zama darasin farko da ake koya wa yarinyar da ta balaga da ciwon suga ba? Amsa ɗaya tana cikin yadda ake karanta sakamakon bincike. A 2023 aka fitar da wani nazari daga binciken lafiyar mata da kamfanin Apple ke yi da haɗin gwiwar Jami'ar Harvard, inda aka duba zagayen al'ada kusan 2,000 na mata masu sanye da na'urar auna suga da ake mannawa a fata. An ga cewa a zango na farko sugansu na zama cikin iyakar da ake so kashi 68.5 cikin ɗari na yini, a zango na biyu kuma kashi 66.8. Bambancin bai kai kashi 2 ba. Likitan da ya ga wannan zai iya cewa abin bai taka kara ya karya ba.

Amma a ɗauki mata goma. A ce uku sugansu na tashi sosai kafin al'ada, ɗaya nata sauka yake yi, shida ba sa ganin wani sauyi. In aka haɗa su aka raba, sai a sami ɗan ƙaramin hawa wanda bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ukun nan da ke shan wahala sun narke a cikin matsakaicin lissafi. Ƙananan binciken da aka yi a kan masu nau'i na ɗaya sun sha nuna haka: akwai masu hawa, akwai waɗanda babu ruwansu, akwai 'yan ƙalilan masu akasi, wata ma nata na bambanta daga wata zuwa wata. A ganina wannan bambancin shi ne babbar hujjar bibiya. Da duk mata iri ɗaya ne, da sai a rubuta ƙa'ida guda a littafi, a ce kowa ta ƙara kaza a rana kaza, a huta. Tunda ba haka ba ne, babu mai ba mace amsarta sai bayanan jikinta.

Amsa ta biyu ta fi ba ni mamaki, domin tana cikin kayan aikin da ake alfahari da su. Gwajin HbA1c, wanda kusan duk shawarar asibiti ke dogara a kai, yana ba da matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Zagayen al'ada biyu zuwa uku ke nan aka dama wuri guda. Mako ɗaya na hawa, kwana biyu na faɗuwa, sauran kwanaki lafiya, duk sun zama lamba ɗaya mai kyan gani. Na'urar mannawa ta zo da abin da ya fi haka nesa ba kusa ba: wasu na auna suga kowane minti biyar, awo 288 a yini. A 2019 ƙwararru daga ƙasashe daban-daban suka yi matsaya a kan yadda za a karanta wannan tarin awo. Suka ce a nemi suga ya zauna tsakanin 70 da 180 fiye da kashi 70 cikin ɗari na lokaci, kada ya sauka ƙasa da 70 fiye da kashi 4, kuma a duba bayanan kwana 14. Rahoton da ake bugawa yana ninke kwana 14 ɗin nan ya mayar da su hoton yini ɗaya, daga tsakar dare zuwa tsakar dare, domin a ga ko da safe ne matsala take ko da yamma.

Kwana 14 kusan rabin zagayen al'ada ne. A tsaya a kan wannan kaɗan.

Idan ranar ganin likita ta faɗo bayan zango na farko, rahoto zai fito tas, a yaba mata, a ce ta ci gaba a haka, alhali makon wahala na gabanta. Idan ta faɗo ana gobe jini zai zo, rahoto zai yi ja, a ƙara mata insulin ɗin tushe, ta koma gida da sabon adadi daidai lokacin da jikinta ke shirin komawa jin insulin sosai. An gyara matsalar makon jiya, an haifar da ta makon gobe. Likitan bai yi ganganci ba, ya karanta abin da aka ba shi daidai. Takardar ce aka tsara don gano abin da ke maimaituwa a yini, ba ta da idon ganin abin da ke maimaituwa a wata. Awo sama da 4,000 na kan teburinsa, amma kwanan wata guda ɗaya da zai ba su ma'ana ba ya ciki.

Wannan giɓi yana da tarihi. A 1977 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire matan da za su iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin magani, don kare 'ya'yan da ke ciki. Sai a 1993 aka janye wannan, a shekarar ce kuma aka yi dokar da ta wajabta sa mata a binciken da cibiyoyin lafiya na gwamnatin ƙasar ke ɗaukar nauyi. Ko a gwajin dabbobi, masu bincike sun daɗe suna fifita maza, da hujjar cewa zagayen mata na dagula sakamako, har sai da cibiyoyin suka fara buƙatar a yi la'akari da jinsi daga 2016. Abin da ake gudu don yana dagula lissafi, shi ne ainihin abin da mace ke rayuwa da shi. Kamfanonin fasaha ma sun bi sahu. Lokacin da Apple ya fito da manhajarsa ta lafiya a 2014, ana iya rubuta abubuwa barkatai a ciki, amma babu wurin al'ada, sai a 2015 aka ƙara. A 2021 ƙungiyar Tidepool ta Amurka, wadda ba ta neman riba kuma take tattara bayanan na'urorin masu ciwon suga, ta ƙaddamar da wani shiri musamman domin haɗa bayanan al'ada da na suga. Shekara ɗari ke nan cif bayan gano insulin a birnin Toronto.

Yadda ake bibiyar ba shi da wuya, amma akwai wurin da mutane ke kuskure. Yawancin manhajoji da littattafai suna ɗauka cewa zagaye kwana 28 ne, ƙwai na fita rana ta 14. Wani nazari da aka wallafa a 2019 a kan zagaye sama da 600,000 ya gano cewa kusan kashi 13 cikin ɗari ne kawai ke yin kwana 28 daidai. Zango na farko shi ke miƙewa ya kuma takure. Na biyu ya fi tsayawa wuri ɗaya. Don haka macen da ke neman tsarin sugan ta, in ta ƙirga gaba daga ranar da jini ya zo, za ta ga hawan ya faɗo rana ta 22 a wannan wata, ta 27 a wancan, ta ce babu tsari. In ta ƙirga baya daga ranar da jinin gaba ya zo, sai ta ga duka biyun kwana biyar ne kafin jini. Wannan 'yar dabara kaɗai tana iya fito da abin da ya shige mata duhu shekara da shekaru.

A takarda, layi ɗaya ya ishi kowace rana: awon asuba, jimillar insulin na yini, ko suga ya faɗi, da ɗan gajeren bayani in akwai wani abu daban, kamar zazzaɓi, rashin barci ko yawan ci. A zagaye ranar farkon jini da jan biro. Wata uku ake buƙata aƙalla kafin a yanke hukunci, domin wata ɗaya na iya zama dace. Jimillar insulin ɗin nan kada a raina ta. Mace mai ƙwazo da ke bin kowane hawa da allurar gyara za ta iya riƙe sugan ta daidai, rahotonta ya fito lafiya, a ce al'ada ba ta taɓa ta. Alamar tana cikin yawan insulin da ta sha kafin ta riƙe shi, da yawan daren da ta tashi tana gyara. Haka ma masu amfani da famfon insulin mai sarrafa kansa, 'yar na'urar da ke zuba insulin a jiki a maimakon allura, irin wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 2016. Famfon na ƙara insulin da kansa in ya ga suga na hawa, kuma hakan na rage wahala sosai. Sai dai bai san ranar wata ba. Wasu daga cikin irin waɗannan famfuna daga kwanakin baya suke koyon buƙatar mai su, don haka suna iya koyon makon hawa daidai lokacin da makon ya ƙare.

Akwai watannin da za su ƙi bin tsari, kuma suna da dalili. Ba kowane zagaye ne ƙwai ke fita ba, musamman a shekarun farkon balaga da kuma gab da ɗaukewar al'ada. In ƙwai bai fita ba, furojestiron ba ya hawa, to ba mamaki suga ma ya zauna lafiya. Ana iya gane fitar ƙwai da zafin jiki, wanda ke ƙaruwa da kusan digiri 0.3 zuwa 0.5 na ma'aunin Salshiyos bayan ya fita, ko da tsinken gwajin fitsari. Wasu agogunan hannu na zamani ma suna auna zafin cikin barci. Mai shan ƙwayar tsarin iyali mai haɗe da sinadarai biyu kuwa lissafinta daban ne, domin ƙwayar na hana sakin ƙwai, kuma jinin da take gani a makon hutu ba irin na al'adar asali ba ne. Dole wannan ya shiga takarda, in ba haka ba a yi ta neman abin da babu.

Idan tsari ya fito, gyaran ya zama na mace da likitanta tare, ba na manhaja ba, ba kuma na abin da ya yi wa wata aiki ba. Mai famfo za a iya shirya mata saiti na biyu da za ta kunna a kwanakin hawa. Mai allura, ya danganta da irin insulin ɗinta. Insulin degludec, alal misali, aikinsa na wuce awa 42, kuma sai bayan kwana uku zuwa huɗu sabon adadi ke zama daram a jiki. In aka ƙara shi kwana uku kafin jini, ƙarfinsa zai cika ne a ranar da ba a buƙatarsa. Ga irin wannan, gyara a allurar abinci ya fi dacewa. Kuma a duk tsarin da aka yi, ranar komawa ta fi ranar ƙari muhimmanci. Suga mai yawa na kwana biyar yana gajiyar da jiki. Faɗuwa mai tsanani cikin barci tana iya kashewa a dare ɗaya.

Ɓangaren hawan ma yana da nasa haɗari. Likitoci sun rubuta labarin matan da ake kwantarwa asibiti wata bayan wata, daidai lokacin al'ada, saboda jininsu ya cika da sinadarin kiton ya koma tsami. Alamomin wannan hali sun haɗa da ciwon ciki, tashin zuciya, amai da kasala, waɗanda mace za ta iya ɗauka na al'ada ne ta daure. Duk mai nau'i na ɗaya da sugan ta ya tsaya sama da 240 tana kuma jin haka, ta gwada kiton, kada ta ce ai ciwon mara ne.

Na daɗe a kan nau'i na ɗaya domin a nan abin ya fi fitowa fili. Amma hanyar ba mai zuwa ɗaya ba ce. Kamar yadda al'ada ke juya suga, haka yanayin suga ke bayyana a al'ada, wani lokaci tun kafin a san akwai ciwo. A 2001 mujallar JAMA ta wallafa sakamakon bin ma'aikatan jinya mata sama da 100,000 a Amurka. Waɗanda zagayensu ke kai kwana 40 ko fiye, ko kuma ba shi da tsari sam, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga nau'i na biyu ya kusan ninka na sauran. Babban abin da ke haɗa biyun shi ne larurar PCOS, wadda ke hana ƙwai fita a kan kari, tana kuma tafiya da rashin jin insulin. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin ɗari na masu ita ba a gano su ba. Budurwar da al'adarta ke tsallake wata biyu, wata uku, ana ce mata za ta daidaita in ta girma, mai yiwuwa jikinta gargaɗi yake yi shekaru kafin gwajin suga ya nuna komai. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta nemi a ɗauki al'adar 'yan mata a matsayin alamar lafiya da ake tambaya kamar bugun zuciya da hawan jini, kuma na yarda da su ɗari bisa ɗari.

Yawan jinin ma abin rubutawa ne. Mai zubar da jini da yawa kowane wata takan rasa sinadarin ƙarfe, ƙarancinsa kuma na iya sa HbA1c ya nuna sama da gaskiya. Sai a ga lamba ta hau, a ƙara magani, alhali maganin ƙara sinadarin ƙarfe take buƙata. Sanin ranar al'ada kuma shi ke sa a gane shigar ciki da wuri. Gaɓoɓin jariri na ginuwa ne a makonnin farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da ciki ba, shi ya sa ake son HbA1c ya sauka ƙasa da 6.5 tun kafin ɗaukar ciki, a kuma sauya wasu magungunan hawan jini da ba su dace da mai ciki ba. Mai PCOS da aka sa wa maganin suga na metformin, ƙwai na iya dawo mata da fita bayan ta fid da rai. A can gaba, lokacin ɗaukewar al'ada, gumin dare da bugun zuciya na iya zama na sauyin sinadarai, na iya zama kuma na faɗuwar suga, awo ne kaɗai ke raba gardama.

Sai maganar sirri, wadda ba na son a ɗauke ta da wasa. Ranar al'adar mace tana faɗin abubuwa da yawa: ko tana da ciki, ko ta yi ɓari, ko tana neman haihuwa. A 2021 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta cimma matsaya da kamfanin manhajar Flo bisa zargin miƙa bayanan masu amfani da ita ga kamfanoni irin su Facebook da Google bayan ya yi alƙawarin ɓoye su. Bayan hukuncin kotun ƙolin ƙasar na 2022 a kan zubar da ciki, mata da yawa a can suka goge irin waɗannan manhajoji don tsoron a yi amfani da bayanan a kansu. In aka haɗa bayanan al'ada da na suga, an sami hoton rayuwar mace kusan minti-minti. Duk wanda ke neman a ba shi wannan amana, wajibi ne ya faɗi inda yake ajiyewa, wa ke gani, da yadda mai bayanan za ta goge su in ta ga dama. Mace na da haƙƙin ta ce likitana kaɗai, ko ta ce takardata ta ishe ni.

Takardar kuwa ta isa, kuma wannan na da muhimmanci, domin a cikin manya miliyan 589 da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta suna da ciwon a 2024, mafi yawansu ba su da na'urar mannawa balle famfo. Awon asuba da tsinken yatsa da kalanda za su nuna tsarin in yana nan. Abin da ba na so shi ne a mayar da wannan wani sabon aiki da za a ɗora wa mace a kan tarin da take ɗauke da shi, sannan a zarge ta in ta gaza. Mai ciwon suga tana yanke shawara a kan jikinta daga farkawa har barci. Masu ƙera na'urori su ne ya kamata su sa ranar al'ada ta fito a kan zanen suga da taɓawa ɗaya, su kuma ba da rahoton da ke jera watanni a kan juna kamar yadda ake jera kwanaki. Asibiti kuma akwai tambayar da tuni ake yi: yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe? Ana yin ta ne don a tabbatar babu ciki kafin a ba da magani ko a ɗauki hoto. Tambayar nan ya kamata likitan suga ya yi kafin ya buɗe rahoton kwana 14, domin amsar ce za ta gaya masa wane rabin wata yake kallo.

Mu koma ga matar da muka fara da ita. A ce ta yi wata uku tana rubutawa, ta shimfiɗa takardun a gaban likita, jan da'ira uku, ta ƙirga baya da yatsa. Kwana shida kafin kowace da'ira awon asuba ya fara hawa, jimillar insulin ta bi shi. Daren kowace da'ira, ko washegari, akwai faɗuwa. "Likita, ka ga nan, ka ga nan, ga shi kuma nan." Suka yi tsari: ƙari kaɗan daga ranar da awon asuba ya hau kwana biyu a jere, komawa tsohon adadi da zarar ta ga jini, ba jiran gobe. Wata na huɗu jinin ya zo mata da la'asar. Da dare ta yi allurar tsohon adadi, ta auna kafin ta kwanta, ta ajiye na'ura da abin zaƙi kusa da matashi, ta saita ƙararrawa ƙarfe uku don ta sake dubawa.